Ƙaho Bakwai a Bayan Ari

Shafi na 23

Wanda ya shigo yau, ga inda ake, kuma sau ɗaya zan faɗa. Alkasum da Ari 'yan tseren keke ne na Damagaram. Saura sati biyu su tashi zuwa tsaunukan Habasha, inda za su yi zaman sati uku su saba da iskar wurin kafin a fara. Tseren na mutum biyu-biyu ne, kwana shida ana hawan dutse. In ɗaya ya tsaya, an cire duka biyun. Yau Alhamis, kafin la'asar mai horar da su, Mushe Mahamud, zai aika sunaye Yamai. Abin da ya rage sa hannun Lokotoro Wasila.

Lokotoro ta ajiye takardun analiz, wato gwajin jini, a kan tebur, ta ɗora alƙalami a kai. Ba ta cire masa murfi ba.

"Na Alkasum lafiya lau," ta ce. "Na Ari ne ban gane ba."

Mushe Mahamud tsohon soja ne, ko a gidan likita a ƙame yake tsayawa.

"Me ba ki gane ba, Madam?"

"Wata biyu da suka wuce lambar jininsa sha biyar. Yau sha ɗaya da rabi."

"Injinku ne ya lalace."

"Sau biyu na sa aka auna."

"Yaron da nake ɗura wa hanta? Da ƙafata nake zuwa kasuwar Dole in zaɓo ta. Ga zogale, ga ƙwai, ga dabinon Bilma. Ina abin yake zuwa?"

"Tambayar da nake yi ke nan, Mushe. Can sama, mai cikakken jini ma haki yake kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Wannan in ya hau mita dubu uku a haka, ɗauko shi za a yi."

Alkasum yana jingine da bango, hular kwanonsa a hannu. Gumi ya fara bin tsakiyar bayansa. Bai dubi Ari ba, Ari ma bai dube shi ba.

Lokotoro ta juya ga Ari.

"Kana haɓo?"

"A'a."

"Fitsarin jini?"

"A'a."

"Bayan gidanka baƙi ne?"

"Haba, Madam."

"Tambayarka nake yi."

"Ba baƙi ba ne."

Mushe ya sunkuyo har numfashinsa na taɓa goshin yaron.

"Ƙwaya kake sha?"

"Wallahi, Mushe, ko ta ciwon kai ban sha ba."

"To cire riga," in ji Lokotoro, tana rataya abin sauraro a kunne. "Bari in ji huhunka ta baya."

Ari ya kama gindin rigar da hannu biyu, ya ja ta ƙasa.

"Ta kan riga ba ya yiwuwa?"

"Yau ka fara jin kunyata? Sau nawa na duba ka?"

"Sanyi nake ji."

"A watan nan? Ƙarfe goma na safe?"

Mushe bai ɗaga murya ba. Yatsa ɗaya ya nuna.

"Cire."

Ari ya cire.

Zagaye bakwai ne a bayansa, baƙaƙe, kowane kamar bakin kofin shayi, biyu a kafaɗu, biyu a tsakiya, uku a kan ƙugu. Cikin kowane zagaye tsaga ce a kan tsaga. Wasu sun warke sun yi fari, wasu da ɓawonsu. Na ƙasan kafaɗar dama ya kumbura yana ruwa.

"Inna lillahi," in ji Lokotoro a hankali. "Ƙaho."

"Ƙaho!" Mushe ya buga tebur. "Ni ina zubawa ta gaba, ana zuƙewa ta baya! Wa ya yi maka?"

Ari ya sunkuyar da kai.

"Sau nawa aka yi?" in ji Lokotoro.

"Sau ɗaya."

"Ari, ka dube ni. In sau ɗaya ne, to ba ƙahon ne ya kwashe wannan jinin ba. Ke nan akwai inda yake zuba a cikinka, sai an tura ka Yamai an leƙa, kuma wannan ba aikin sati biyu ba ne. In kuwa ƙahon ne, ramin a waje yake, a toshe shi yau, in ba ka magani, sati biyar kafin tsere ya isa mu gwada. Sau nawa?"

"Sau ɗaya, Madam."

Ta mayar da alƙalamin aljihu.

"Ba na sa hannu a kan ƙarya. Ku kawo mini wanda ya yi aikin, ya faɗa mini yaushe ya fara, sau nawa, da wace aska. In ba haka ba, Mushe, ka rubuta sunan wani."

Mushe ya juyo a hankali ya dubi Alkasum.

"Ubanka ba wanzami ba ne?"

"Wanzami ne."

"A Birni?"

"A Birni."

"Ku hau kekenku. Ina gaba."

Babur ɗin Mushe ya yi gaba, su biyun suna binsa a jere kamar yadda suka saba, tayar Alkasum na shinshinar ta Ari. Da suka ratsa ta gefen kasuwa Ari ya sassauta, suka daidaita.

"Kasum, ka kama bakinka."

"Baba za a je a ci wa mutunci."

"Baba zai ce bai yi ba, gaskiyarsa ce. Ni kuma in ce wani baƙon wanzami ne a kasuwar Hamdara, ban san sunansa ba."

"Madam ba za ta sa hannu ba."

"Kada ta sa. Ka san dokar Mushe, da yatsanka ka dangwala. Duk wanda ya taɓa jikin ɗan tsere ba da sanin Lokotoro ba, ya fita. In ka yi magana kai ka fita tabbas, ni kuma ba tabbas in shiga. In ka yi shiru, kai ka tafi da Rabi'u ɗan jiran gurbi. Gara ɗaya ya je."

"Shekara biyu muna..."

"Na ce ka kama bakinka. Ni na roƙe ka, ko ba ni ba?"

Shi ya roƙa, wannan gaskiya ne. Wata ɗaya da rabi ke nan, ranar da suka je hawan duwatsun Hamdara, tayar gaba ta zame, Ari ya faɗi da ƙugu a kan fa. Ya tashi yana dariya don Mushe na kallo. Kwana uku bayan nan ko ruku'u ba ya iyawa. Ya san in ya faɗa za a ce ya huta, Rabi'u ya hau kekensa. Sai ya ce wa Alkasum, babanka ya kafa mini ƙaho mana, ya janye mataccen jinin. Alkasum ya tambayi uban. Uban ya ce a'a, mai doguwar tafiya a gaba ba a zubar masa da jini, ya je a gasa masa da ruwan zafi.

Da yaro mai jin magana ne, da nan ta tsaya. Amma Alkasum ya tashi yana ganin aikin, gani yake ya iya. Akwai tsohuwar zabirar kakansa rataye a ɗakin baya, ƙura ta rufe ta. Ya sauke. Ranar farko Ari ya miƙe yana cewa jikinsa ya yi sakayau kamar an sauke masa buhun gero. Sai suka sake. Suka kuma sakewa. Kowace Talata da Juma'a bayan horo, a cikin kangon da suke ajiye kekuna. Alkasum har daɗi yake ji in ya ga jinin ya fito baƙi, yana cewa ka ga gajiya na fita.

Yanzu ga ɗan tudun shiga unguwar Birni, tudun da mai tallar ruwa ke hawa da kura. Alkasum ya kasa kunne. Ari, wanda ke hawan dutsen Takaya yana waƙa, haki yake yi. Numfashinsa na fita da ɗan fito.

Alkasum ya ji kamar ya saki keken ya zauna a ƙasa.

Mai Nasara wanzami, uban Alkasum, yana zaune a kan tabarma a zaurensa, kan wani dattijo a tsakanin gwiwoyinsa, rabi an aske rabi da saura. Zabirarsa a buɗe a gefe. Mushe ya yi sallama da muryar da ba ta sallama ba.

Tsohon ya amsa, bai ɗago ba.

"Ku zauna. Ba a barin kai rabi."

Suka jira. Mushe na duban agogo, askar na tafiya a natse kamar ba kowa a duniya. Da aka gama, dattijon ya shafa kai, ya ga fuskokin baƙin, ya ɗauki takalmansa bai tsaya hira ba.

"To, Mushe. Lafiya da rana tsaka?"

"Ba lafiya ba, Baba. Shekara biyu ina gina yaran nan. Na tashe su da asuba, na bi su da babur har Takaya, na hana su shayi da yawon dare. Kai kuma ka zauna a zaure kana tsiyaye mini su."

"Tsiyaye wa?"

"Ari, juya. Ɗaga riga."

Ari ya durƙusa ya juya baya. Mai Nasara ya matso. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya bi gefen zagaye ɗaya, ya danna kusa da mai kumburin, Ari ya ja iska ta haƙora.

"Wa ya yi maka wannan, ɗan Falmata?"

"Wani ne a kasuwar Hamdara, Baba."

"Wanzaman Hamdara uku ne, biyu ni na koya musu, na ukun makaho ne yanzu. Sake wata."

"To... ni na yi wa kaina."

"A tsakiyar baya? Hannunka na biri ne?"

"Baba, bar wasan nan," in ji Mushe. "Ɗanka abokin tafiyarsa ne, gidan nan yake wuni. Wane wanzami zai je in ba kai ba? Ni ba faɗa na zo yi ba, lissafin kwana nake so, Lokotoro na jira. Amma ka sani, daga nan wurin Sarkin Aska zan wuce. Mutumin da ke yi wa yaro wannan aika-aikar bai kamata a bar shi da jariran mutane ranar suna ba."

Nan Alkasum ya ɗago. Shekara arba'in uban na riƙe da aska a Birni, ba gidan da bai shiga ba. Magana irin wannan in ta fita zauren nan, ko an wanke shi daga baya, mata sun riga sun ji.

Mai Nasara bai yi fushi ba. Wanda ya san shi ya san wannan ya fi fushin muni.

"Matso, Mushe, ka ga aika-aikar da kyau, tunda za ka kai ƙara. Ka ga wannan? Ta yi fari, ta kai kwana arba'in. Wannan wata guda. Wannan sati biyu. Wannan mai ruwa shekaranjiya aka yi ta, Talata. A wuri ɗaya ake ta maimaitawa, ba a bari fata ta huta ba. In na ƙirga daidai, zama goma sha biyu ne ko sha uku."

"Sha uku!" in ji Mushe.

"Ni a shekara sau biyu nake yi wa ƙato, shi ma in ya matsa. Sannan dubi zurfin. Tsagar ƙaho shafa ce, kamar kazar da ta taka ƙasa. Wannan ba tsaga ba ce, yanka ne. Mai wannan hannun tsoro yake ji, sai ya danne don ya gama da wuri."

Ya ɗora yatsansa a kan kafaɗar Ari.

"Kuma bakin ƙahon nan na sama yana da ɗan gibi. Ga shatinsa nan a fata. Na san ƙahon. Da shi ubana ya koya mini."

Bai dubi ɗansa ba. Ya jawo ƙwaryar ruwa, ya tsoma askar da ya gama aiki da ita.

"Wanda ya yi aikin nan yana cikin zauren nan. Zan wanke askata. Kafin in mayar da ita zabira, ina so in ji daga bakinsa. In na riga shi, to daga yau sai dai mu gaisa a masallaci."

Ruwa na motsi a ƙwarya. A waje wata mai fura ta wuce tana kira.

"Baba, ni na matsa..." Ari ya fara.

"Kai yi mini shiru. Kai an yanka ka ne."

Tsohon ya ciro askar, ya goge ta a tsumma, gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen. Ya naɗe ta.

"Ni ne."

Alkasum ne. Ya sake faɗa da ƙarfi.

"Ni ne, Baba. Ni ne, Mushe. Sau goma sha uku. Talata da Juma'a. Da zabirar Kaka."

"Askar kana dafa ta?" in ji uban.

"Ina... ina gogawa da alkol, ruwan goge ciwon nan."

"Kullum?"

"Wani lokacin ya ƙare."

Mai Nasara ya rufe ido.

Mushe ya tako har gaban Alkasum. Ya cusa hannu a aljihu.

"Kai. Kai da nake cewa ka fi su hankali. Kana gani ina raba muku hanta, kana ci, kana kallon idona."

"Ciwo yake ji, Mushe. Ya ce in ka sani za ka sa Rabi'u."

"Da na sa Rabi'u sati ɗaya ya warke ya dawo! Yanzu fa? Da Madam ba ta ce a cire riga ba, da ka kai shi saman dutsen mutane ya faɗi a hannunka. Me za ka gaya wa uwarsa Ya Falmata? Gajiya ce ta fita?"

Alkasum ya sunkuya. Hawaye na zuba a kan hular kwanon da ke cinyarsa, bai share ba.

Mushe ya juya ga tsohon, ya cire hularsa.

"Baba, na yi maka rashin kunya a zaurenka. Ka yafe ni."

"Ka yi abin da mai kiwo ke yi. Kira likitarka."

Mushe ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Mai Nasara da kansa ya karɓi wayar ya yi bayani, zama nawa, ƙaho nawa, kimanin abin da kowane ke ɗauka in an yanka da zurfi haka. Lokotoro ta yi lissafi.

"Ya yi daidai da abin da ya ɓace," ta ce. "Ku dawo da shi yanzu in wanke mai ruwan nan, in yi masa allura, a sake wani analiz saboda askar. Zan sa hannu, amma da sharaɗi. A can za a sake aunawa kafin tsere. In bai kai ba, ba ya hawa. Kuma kwanakin farko ba a ja shi da gudu, wanda zai bi shi sai mai haƙuri."

Ta kashe wayar. Ari ya kifa goshi a tabarma yana hamdala.

Mushe ya ciro takardar sunaye daga aljihun gaba, ya shimfiɗa a gwiwa. Layi biyu ne. Ya rubuta na Ari a na farko. Alƙalamin ya tsaya a kan na biyu.

"Doka ta ce ka fita, Alkasum."

"Na sani, Mushe."

"To ni ma na fita," in ji Ari.

"Kai rufe mini baki, mai rabin jini. Wa ya tambaye ka?"

Ya daɗe yana duban takardar, yana taunar leɓe.

"Rabi'u ƙarfi gare shi kamar jaki, amma ba ya waiwaye. In ya kama tudu mantawa yake da akwai mutum a bayansa. Kwana ɗaya zai fasa wa wannan huhu." Ya yi tsaki. "Kai kuwa, munafuki, ko ido rufe ka san numfashinsa. Ni na kafa dokar, yau ni zan taka ta, Allah Ya isa tsakanina da ku. Kai ka zubar, kai za ka yi ta jansa har saman dutsen, ko a bayanka ne. In mun dawo mu yi shari'a."

Alkasum ya ɗago, bai yarda da kunnensa ba. Ari ya kamo hannunsa ya matse.

Mushe ya ɗora alƙalami a layi na biyu.

"Dakata, Mushe."

Mai Nasara ne. Ya ɗaure bakin zabirarsa, ya ajiye ta gefe.

"Taka dokar ka taka, wannan ruwanka. Tawa tana nan. A gidan nan, tun kakana, ba a sa ƙarfe a jikin ɗan Adam sai an sallami mutum daga koyo. Na ce masa a'a da bakina, ya zagaya ya sauke zabirar mamaci, ya yanka ɗan mutane sau goma sha uku. Kuma yana zaune ana cewa za a kai ni gaban Sarkin Aska, sai da na ba shi wa'adi ya buɗe baki."

"Baba, saura awa uku a rufe..." in ji Mushe.

"Sai ka yi sauri ka nemi Rabi'unka."

"Yaron nan ba zai kai ba tare da Rabi'u!"

"Wannan kuma ɗana ya jawo masa, ba ni ba."

Sai yanzu ya juyo ya dubi Alkasum, karo na farko tun shigowarsu. Ya miƙa hannu, tafin a buɗe.

"Tashi ka shiga ciki. Ka ɗauko mini zabirar ubana."

Alkasum ya miƙe.

"Ka haɗo da fasfo ɗinka."